Hannun da Kawu Ya Ɗaure

A shekarar da soja suka ce za su koma bariki, babu sana'ar da ta kai tamu ciniki a Koki. Mu masu ɗinkin hannu ne tun kaka da kakanni. Duk wanda ya yi mafarkin kujera, ko ta kansila ce, babbar riga yake fara nema, don ba a neman ƙuri'a da 'yar shara. Mutanen da a da gaisuwarmu ma da ƙyar suke amsawa, sai ga su a zaurenmu da shadda a hammata, wannan yana son aska takwas, wancan yana son malum-malum, kuma kowa so yake a ce tun jiya aka gama masa.

Idon Baba ya riga ya fara rauni a lokacin, zare ma ni nake zura masa a allura. Shi yake zane ya raba aiki, amma wuya da aljihu, inda idon mai riga yake fara sauka, ni nake yi. Shekarata ashirin da 'yan kai, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Baba bai taɓa faɗa mini haka ba, don shi a wurinsa yabon ɗa lalata ɗa ne. In na gama aiki sai ya shafa shi da tafin hannu, ya ninke, ya ajiye, bai ce uffan ba. In na wani ne ya shafa ya ji gargada, sai ya nemi reza a farke. Wannan shirun nasa shi ne ladana, kuma na fi son sa da kirari.

Aibina ɗaya, ƙwallo. Ni ne golan unguwarmu. Sau ɗaya Baba ya taɓa yi mini magana a kai, ya ce mai cin abinci da yatsu ba ya tare duka da su. Na ce to, kashegari na koma fili.

A ƙarshen damina abin ya faru, da la'asar, muna karawa da 'yan Shahuci a filin makarantar firamare. Aka bugo kwana, na yi sama na cafe, wani ƙato ya shigo ƙarƙashina, na sauko a kan tafin hannun dama. Ban ji ƙara ba, ban ga jini ba. Na yarfe hannun na ƙarasa wasan, har muka ci. Sai da gari ya waye na ɗauki buta ta suɓuce mini. Kumburin ma bai taka kara ya karya ba, ɗan kaɗan ne a gindin babban yatsa, daidai ramin nan da yake fitowa a wuyan hannu in ka ɗaga yatsan.

Babu wanda ya tambayi inda za a kai ni, don mu a gidanmu ƙashi yana da mai shi. Kawu, yayan Inna uwa ɗaya uba ɗaya, maɗori ne a Shahuci, kuma shi ma gadon abin ya yi. Shi ya riƙe Inna bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ba Baba aurenta. Saboda haka ga Inna yaya ne kuma uba, ga Baba kuwa suruki ne, tun daga bakin zaure Baba yake cire takalmi ya durƙusa. Kada wani ya ɗauka ɗan damfara nake kwatantawa. Da idona na ga an shigo da mutum a kan tabarma ƙafa tana lilo, na kuma gan shi daga baya ya zo godiya a kan kekensa. Kawu ba ya yanka wa kowa kuɗi, abin da ka ajiye a ƙarƙashin buzu shi ke nan.

Ya kama hannun, ya bi shi da yatsa yana kallon rufin zaure, ya ce, "Gola, ka tare ƙwallo, ƙasa ta tare ka. Targaɗe ne, ba karaya ba." Ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya ja har na ga taurari da rana, sannan ya ɗaure da tsumma tam. Ya ce in huta, in dawo bayan mako guda ya gani.

Kumburi ya saɓe, ciwo ya zauna. Ciwo ne mai wulaƙanci, don ba ya nuna kansa ga kowa. Ina iya rataya bokitin ruwa a yatsu huɗu in kai har cikin gida, wanda ya gan ni ya ce na warke. Amma in riƙe allura tsakanin babban yatsa da manuni, in tura ta cikin shadda, in juya hannu in jawo zare, sai in ji kamar an kafa mini ƙusa. Aikinmu kuwa gaba ɗayansa wannan juyin ne, tun safe har la'asar. Na fara yin jinkiri. Na fara fakewa da zuwa sayo zare a Ƙofar Wambai don in samu hannun ya huta.

Ban koma wurin Kawu a kan lokaci ba, sai da na ga abin ba na tafiya ba ne. Wannan karon bai tsokane ni ba. Ya danna ramin nan da babban yatsansa, na zabura. Ya kama yatsana ya tura shi ciki, na sake zabura. Ya daɗe riƙe da hannun. Daga nan ya shafa mai sama-sama, bai ja ba, ya naɗa tsumman sako-sako, irin naɗin da kafin in isa gida ya zame. Ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Na tsaya ina jiran ya ce ga ranar dawowa, sai ya juya ga mai karayar da ke bayana. Na fito ina cewa a raina tsufa ya fara kama Kawu, ɗauri ma ya gagare shi.

Kyaftin ɗin ƙungiyarmu, abokina tun muna makarantar allo, shi ya fara faɗar abin da nake gudu. Ya ce, "Kai fa ka yi sakandare. Ka je asibitin ƙashi a yi maka hoto, ka san matsayinka." Na ce masa can yanke hannu suke yi. Ya yi dariya, don ya san ni ma ban yarda da zancen ba.

Ba wuƙar likita nake tsoro ba. Abin da nake tsoro shi ne farin ɗaurin nan nasu mai tauri, wanda ake hangowa tun daga ƙarshen lungu. A cikin birni ba a ɓoye komai. In na ratsa Koki da shi da safe, kafin azahar an kai labari Shahuci cewa ɗan ƙanwar maɗori ya je an gyara masa aikin kawunsa. Dama an fara raɗe-raɗin ƙarfinsa ya ragu, matasa sun fara wuce ƙofarsa. In jininsa ya guje shi, wa zai tsaya? Kullum sai in auna, hannuna a gefe guda, fuskar Kawu a gefe guda, in ce bari in ƙara mako ɗaya in gani.

Wata rana na gama wuyan wata riga na miƙa wa Baba. Ya shafa, hannunsa ya tsaya a wuri guda, ya koma baya ya sake shafawa. Ya ninke ya ajiye kamar kullum. Da na fito da safe na tarar da rigar a kan tabarmata, an farke layi uku, an tsince zaren tas. Bai iya miƙo mini reza ba, shi ya sa ya farke da kansa kafin in fito. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A ranar na yi ta maza na ce, "Baba, hannun nan fa bai daina ba."

Ya ce, "Ka koma wurin kawunka."

Na ce, "Na koma."

Ya yi ta juya allura a hannu. Can ya ce, "Ni ba ni da bakin magana a kan aikin Malam. Shi ya ba ni uwarku. Ka shiga ka ji ta bakinta."

To, ga inda gizo yake saƙar. Ni ne ɗan fari, Inna kuwa mutuniyar da ce. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, daga "kai" sai "yaron nan". Ba ta kallona ido cikin ido, in ba ni da lafiya ƙanwata take aikowa ta tambaya. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Na tsuguna daga nesa, na yi bayani kaina a ƙasa, har na kai ga kalmar asibiti. Rariyar ta tsaya a hannunta. Sannan ta ce wa garin da ke gabanta, "Wanda Yaya ya taɓa ai sai haƙuri. Sauƙi na Allah ne." Ta ci gaba da tankaɗe.

Daga ranar na riƙa tarar da kwalbar man zafi a ƙarƙashin matashina, kuma duk ƙashi mai ɓargo da ya shiga tukunyar gidanmu a kwanona yake ƙarewa. Na san abin da take nufi, amma haushi nake ji. Na ji haushinta, na ji haushin Baba, na ji haushin kaina da na iya tsayawa gaban bugun fenareti amma na kasa hawa mota zuwa asibiti. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, duk mun sani, amma kowa ya ja bakinsa ya tsuke.

Haka aka shiga azumi, aka kuma shiga zaɓe. Ranar zaɓen gwamna na bi layi kamar kowa, don ban taɓa jefa ƙuri'a ba. Da na zo gaban tebur, malamin zaɓe ya cafki babban yatsana zai shafa tawada, ya tanƙwara shi baya ba da nufin komai ba. Ban san lokacin da na yi ƙara na durƙusa ba. Layi ya kwashe da dariya, wani daga baya ya ce, "Gola, ƙuri'a ce fa, ba allura ba." Ni ma na yi yaƙe. Da hannun hagu na dangwala, ina share hawaye da kafaɗa.

Bayan wannan na taɓa zuwa har bakin asibitin. Na sauka daga mota, na tsaya wurin masu lemo ina tattara ƙarfin hali. Sai ga wani dattijo maƙwabcin Kawu ya fito daga dubiya. Ya riƙe hannuna, wanda yake ciwon ma kuwa, ya ce, "A'a, ɗan gidan Malam. Lafiya dai? Ai ku nan ba wurin zuwanku ba ne." Na ce ni ma dubiya na zo. Na sayi lemo don maganar ta zauna, na tsallaka titi na hau motar komawa. A gida na raba wa ƙannena lemon.

Shi kuwa Kawu, duk sanda na je gaishe shi, ko muka haɗu wurin suna ko jana'iza, idonsa a kan hannuna yake fara sauka. Ya duba, ya kau da kai. Bai taɓa tambayata ya jiki ba, ya kuma daina ce mini gola. Na fassara wannan da cewa ya ji ƙishin-ƙishin ina ƙorafi, ya yi fushi. Sai na ƙara ɓoye hannun a aljihu, in ya kalle ni in yi murmushi.

Abin da ya karya ni rigar rantsuwa ce. Wani Alhaji da ya ci kujerar majalisa ya kawo shadda, yana son riga mai aikin zaren tsamiya da zai sa ranar da za a rantsar da su. Tun kakansa a gidanmu ake yi musu riga. Baba ya zana da kansa, hancinsa kusan yana taɓa yadin. Na fara, na yi kwana da kwanaki ban gama ko aljihun rigar ba, lokaci kuma yana ƙurewa. Wata safiya Baba ya ɗauki rigar daga cinyata, ya naɗe ta a zani, ya sa a hammata, ya ce zai je ya dawo. Na leƙa na ga ya shiga zauren wasu maɗinka a ƙarshen layinmu, mutanen da shi ya koya wa ubansu riƙon allura. Tun da aka kafa gidanmu aiki shigowa yake yi, bai taɓa fita ba. Da ya dawo ya zauna a inda yake zama, ya ce in zura masa zare.

Kashegari na tafi asibiti ban gaya wa kowa ba. Ban tsaya wurin masu lemo ba.

Na yanki kati, na bi layi, aka yi hoton. Likitan matashi ne, bai girme ni da yawa ba. Ya ɗora hoton a kan fitila, ya ce yaushe na faɗi. Na ce ƙarshen damina. Ya waiwaya ya dubi taga, inda hadarin sabuwar damina yake haɗuwa. Sannan ya nuna mini wani ɗan ƙashi, bai fi ƙwayar gyaɗa mai ɓawo ba, da baƙin layi a tsakiyarsa. Ya ce wannan ƙashin mayaudari ne, ba ya kumburi sosai, su ma a ranar farko yakan ɓace musu. Da an kafe shi da wuri, galibi yakan haɗe. Amma ta gefe guda jini yake shigarsa, kuma da yake ya daɗe a rabe yana motsi, ɗaya ɓarin ya fara mutuwa. Za a iya yin aiki, ciwon zai ragu, sai dai hannun ba zai koma juyawa kamar da ba.

Ya ce, "Wace sana'a kake yi?"

Na ce, "Ɗinkin hannu."

Ya ajiye bironsa a hankali, ya ce, "Allah sarki."

Daga can ban nufi gida ba, Shahuci na wuce, da hoton a hannu da zuciya a wuya. Duk maganganun da na haɗiye wata da watanni na jera su a hanya. Na tarar da Kawu shi kaɗai a zaure yana gyara karan ɗori. Na gaishe shi a taƙaice, na ajiye hoton a gabansa. Ya ɗauka, ya tashi ya je bakin ƙofa, ya ɗaga shi sama wajen haske. Ban nuna masa komai ba, amma yatsansa ya tafi kai tsaye kan baƙin layin.

Ya ce, "Ga shi nan. Tun zuwanka na biyu na san ya fi ƙarfin hannuna."

Na ce, "Kawu, ka sani? To me ya sa ba ka faɗa ba?" Ban taɓa yi masa tambaya irin wannan ba.

Ya dawo ya zauna, hoton a kan gwiwarsa. Ya ce, "A gidan nan ba a ce wa mai ciwo tafi wani wuri. Ubana bai faɗa ba, kakana bai faɗa ba. Cewa suke yi in ka furta ka kashe wa mutum zuciya, ka kuma zubar da abin da aka ba ka. In abu ya gagare mu, sai mu sassauta ɗauri, mu daina cewa a dawo. Na ce maka ka dawo?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To. Baƙo in ya ga haka yakan gane. Ko bai gane ba, ciwo zai kore shi ya nemi wani wurin, mu haɗu a masallaci mu gaisa kamar ba a yi ba. Mutane da yawa sun tafi a haka sun warke. Kai ma kullum ina duban hannunka, ina cewa yau zan ga farin ɗauri. Da na ga shiru, na ga kana murmushi, sai na ce ko Allah ya kawo sauƙi ne ta inda ban sani ba." Ya shafa gemunsa. "Na manta kai ba baƙo ba ne. Baƙo ne yake tafiya. Nawa ba zai tafi ba."

Na zauna ina kallon tsohon nan yana share ido da bakin rawani, ni da na zo in yi faɗa sai ga ni ina ce masa ya yi haƙuri. Har yau in na tuna wannan sai raina ya ɓaci, kuma har yau ban san wanda zan kama da laifi ba. Mu huɗu ne, kowa yana jin kunyar wani, kowa yana ganin alheri yake yi.

An yi aikin a cikin daminar. Kawu da kansa ya raka ni, ya zauna a bencin asibiti da rawaninsa, duk wanda ya san shi ya gan shi. Na yi yawo da farin ɗaurin a Koki da Shahuci, aka yi surutu na kwana biyu, aka koma zancen sabon gwamna da tsadar mai. Abin da na yi wata da watanni ina tsoro ke nan.

Da aka cire ɗaurin, ciwon ya ragu kamar yadda likita ya faɗa. Ina rubutu da hannun, ina ɗaukar kaya, da shi nake auna wa mutane zare a rumfata ta Ƙofar Wambai har yau. Amma a lokacin ban yarda na gama ba. Na ɗauki wata riga mai sauƙin aiki, na zauna a kanta, na ba ta duk abin da nake da shi. Da na gama wuyan na miƙa wa Baba, na koma gefe ina jira ya ninke ya ajiye.

Ya shafa da tafin hannu, daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Ya sake shafawa. Reza tana nan kusa da gwiwarsa, bai dube ta ba. Ya ɗago kai ya kalle ni da idon nan nasa da ya yi fari, ya ce, "Ya yi kyau. Allah ya yi maka albarka."

Na san da aikin ya yi, ninkewa zai yi ya ajiye. Ban sake ɗaukar allura ba daga ranar.